"Da ɗan gari akan ci gari": yabo ne ko zargi?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ta hana gidanmu barci tun shekaranjiya. Ƙanena yana shan maganin tarin huka, yau sati biyar ke nan. Tari ya lafa, zufar dare ta tsaya, har ya fara neman ƙarin tuwo. Kwatsam sai ga kaluluwa a wuyansa kamar ƙwan zabuwa. Baffanmu ya ce magani ne bai karɓe shi ba, a bari. Muka koma likita da shi Baffan, majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya duba yaron ya ce kar a kuskura a tsallake ko kwana guda, jikinsa ne ya farka yana taya magani faɗa. Sai ya rufe da cewa, "Alhaji, ai da ɗan gari akan ci gari." Muna isowa gida Baffa ya tara matan gida, wai ko likita ya gane akwai hannun na gida a ciwon yaron nan. Yanzu haka matar yayanmu tana gidansu a Sabon Gari, ta yi yaji. Don Allah majo yabon ɗan gari ya yi ko zarginsa?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Amma Baffa bai yi kuskuren Hausa ba fa. Ni tun tasowata ban taɓa jin an faɗi maganar nan ba sai in an sha mamaki daga na kusa.

Bagobirin Tsibiri: Hajiya ke dai kin zauna cikin maciya amana ne. Mu nan in baƙo ya zo neman aure ko sayen gona, ita muka hwaɗa mishi: nemi wanda ya san gari ya shige maka gaba. Ina cin amana a nan?

Malamin Lakwal: Ku duba kalmar "ci". Lokacin da garuruwa ke da ganuwa, cin gari yaƙi ne. Zamanin su Ɗan Baskore, Sarkin Katsinan Maraɗi, ba a fasa birni da ƙarfin doki kaɗai, sai an samu wanda ya san ƙofar da mai gadinta ke gyangyaɗi. Ga maharan, mutumin nan jagora ne. Ga mutanen birnin, munafuki ne. Maganar ta danganta da gefen ganuwar da kake tsaye.

Kabu-kabu Ba Birki: Malam ya fara darasi, kowa ya ɗauko alli.

Majo Mai Ritaya: Ɗan Bagalam, kafin a yi nisa: ku bi abin da abokin aikina ya ce, ku riƙa mai da yaron ana ganin kumburin. Yawanci irin wannan yakan sace da kansa, amma likita ne zai tabbatar ba wani abu ba ne, ba mu nan ba. In kun ga idonsa ya yi ɗorawa ko amai ya ƙi tsayawa, ku kai shi a ranar, hanta ce ke kuka. Jan fitsari kuwa aikin rifamfisin ne, ɗaya daga cikin magungunan da yake sha, kar wani ya ce jini ne.

Game da karin maganar, ni dai na daɗe ban ga wadda ta dace da ciwon nan kamarta ba, kuma ta fuska biyun duka. In mutum ya shaƙi ƙwayar cutar ta sauka huhu, akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da aikinsu shi ne haɗiye duk baƙon da ya shigo su narkar da shi. To ita wannan tana da riga mai maiƙo kamar kakin zuma. Mai gadi ya haɗiye ta, ta ƙi narkewa, ta mai da cikinsa ɗakin kwana, har ta hayayyafa a ciki. Kun ga ɗan gari na farko. Da jiki ya ga haka sai ya tara sauran dakarunsa su yi wa wurin zobe, su gine shi. A haka mutum zai yi shekara ashirin bai taɓa tari ba. Ana ƙiyasin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa ɗaukar ƙwayar, amma 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ciwon ke tasar wa. Yunwa, sida wato ƙanjamau, ciwon suga, tsufa, su ke tsaga ginin.

Uwar Biyu: Sai bango ya tsage ke nan.

Majo Mai Ritaya: Haka ne Hajiya, sai dai wannan ƙadangaren yana ciki tun kafin a yi bangon. Kuma kogon nan da ake gani a hoton huhu, yawancin ɓarnar faɗan jiki ne da kansa, kamar mai ƙona rumbunsa don ya kashe ɓera. To da aka fara magani, ƙwayoyin na mutuwa da yawa a makonnin farko, ɓurɓushinsu ya watsu, ga jiki ya fara samun ƙarfi, sai dakarun su taso da fushi su taru wuri guda. Tarin nasu ne kaluluwar. An fi ganin haka ga mai sida da ya fara shan nasa maganin a kan na tari. Ɗan gari na biyu ke nan, shi majo yake nufi.

Kabu-kabu Ba Birki: Wato ɗan garin nan da ya buɗe wa ɓarawo ƙofa shi ne kuma ya fi kowa ihun "ɓarawo!" da jandarma suka iso. Wallahi na san shi. Lokacin kamfe ya ci shinkafar jam'iyya uku, yanzu in ka ji yana zagin 'yan siyasa sai ka ɗauka daga sama ya faɗo.

Bagobirin Tsibiri: Ko wancan da ya aza harsashin ginin likitar ƙauyenmu har sau biyu. Tubalin na nan, awaki ka hutawa bisa.

Jikar Inna: Ku bar ni in ba ku labarin kakata, Allah shi jiƙanta, don ita ma da maganar ga ta tahi lahira. Can wani ƙauye bayan Madarumfa take. Bayan yunwar 1984 tari ya kama ta, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta ta cikin zane. Anka yi mata bukka bayan gida kusa da turken jaki, anka ware mata ƙwaryarta da ludayinta. Ɗiyanta na cikinta ma daga bakin ƙofa suka gaishe ta. Gari duka ya ɗauka kishiyarta ce ta yi mata, don an taɓa jin sun yi cacar baki a kan wata tunkiya. In kishiyar ta tahi rijiya sai mata su janye gugansu.

To ita wannan kishiyar ita kaɗai ke shiga bukkar. Kullum da asuba ta dama hura da nono ta kai mata, ta kwashe ƙasar da take tofa kaki ta binne. Da anka ce sai allura kullum har wata biyu, ita ke ɗora ta bisa jaki su tahi likita su dawo kafin rana ta take. Bayan allurar kuma ƙwaya, sai da shekara ta zagayo.

Uwar Biyu: Ikon Allah. Mijin fa?

Jikar Inna: Kaka na can Najeriya cin rani, Hajiya. Sai da damina ya dawo da turmin atamfa guda, wai su raba.

Kabu-kabu Ba Birki: Namiji ke nan. Allah ya jiƙan maza.

Jikar Inna: Ta tashi dai, ta yi shekara ashirin da wani abu bayan nan. Amma allurar ta taɓa mata kunne, sai an ɗaga murya. Mu jikoki mun gane kurumtar tata na da zaɓe: ka ce "Inna ara mini dala" ba ta ji ba, ka yi raɗa a zaure cewa an yanka kaza sai ga ta da kwano. In ana labarin ciwon takan ce allurar Nasara baƙuwa ce, da ba ta tarar da hura a ciki ba da ba ta san inda za ta bi ba, da ɗan gari akan ci gari. Wata rana na ce mata, Inna, hura ce ɗan garin ko mai dama hurar? Sai kurumta ta tashi.

Majo Mai Ritaya: Istireftomisin ce aka yi mata, ita ke taɓa kunne haka. Mun yi ta a farkon aikina, har gindin mutum ya rasa wurin soka. Yanzu mai sabon ciwo ƙwaya kawai yake sha: magani huɗu a haɗe wata biyu, sannan biyu daga ciki wata huɗu, kuma kyauta. Inna ta yi gaskiya kan hura. Mun sha ganin mutum biyu sun fara magani rana ɗaya, wanda ake cika wa ciki ya riga ɗaya tashi.

Malamin Lakwal: Amma ku lura Inna ta juya maganar. A wurinta garin da ake ci ciwon ne, ba jikinta ba. A wurin Baffa yaron ne garin. Majo kuma, in na fahimce shi, huhu ne gari, cutar ta ci shi, magani ya zo ƙwato shi. Gari uku ke nan a karin magana ɗaya.

Bagobirin Tsibiri: Malam in ka ci gaba za ka kai mu gari bakwai da arondisma.

Ɗiyar Zariya: Ni tambayata ga Jikar Inna: shin mutanen gari sun nemi gafarar kishiyar?

Jikar Inna: Wa? Cewa sunka yi tsoro ne ya kama ta ta warware abin da ta ɗaura. Har ta rasu akwai masu kiranta da sunan. Inna ce ta yi mata wanka da hannunta, ta hana kowa taɓawa.

Ɗiyar Zariya: To ka ji, Ɗan Bagalam. Ku je bikon matar yayanku tun kafin sunan ya bi ta. Wannan ya fi mini ma'anar karin magana.

Alhajin Kadro: Ni ban yarda ma ana kawo karin magana a gaban marar lafiya ba. Likita ya ce sha kaza, dawo ranar kaza, shi ke nan. Da majo ya yi haka da yarinyar mutane na ɗakinta. Mu a kasuwa in ka ji dillali ya fara karin magana, riƙe aljihunka.

Majo Mai Ritaya: Alhaji, da "sha kaza dawo kaza" na isa da mun huta. Mutum na jin sauƙi a wata na biyu sai ya ɓace, ya tafi Legas ko Agadas neman kuɗi. Alhali akwai waɗanda suka lafe a cikin ginin nan kamar masu barci, magani ba ya samunsu da sauri, don su ake ƙara wata huɗun. Shi ya sa ake sake gwada kaki a ƙarshen wata na 2, da na 5, da na 6. Mai sha yana bari, wata rana sai ya dawo da irin wanda ba ya jin magani. Ni "an kashe maciji ba a sare kai ba" nake gaya musu, kuma ban taɓa jin ta kori matar kowa ba.

Kabu-kabu Ba Birki: Kar Baffa ya ji wannan, zai ce wa ake nufi da maciji.

Uwar Biyu: Ni dai har yanzu ina kan bakata. In na ji ta gabana faɗuwa yake yi.

Bagobirin Tsibiri: Hajiya hala an taɓa cin garinki ne?

Uwar Biyu: Da ƙawata ta ƙut da ƙut, yanzu ɗakinta na kallon nawa. Kar ka tono.

Ɗan Bagalam: Na gode jama'a. Na karanta wa Baffa bayanin Majo da labarin Inna bayan isha'i. Ya yi shiru, can ya ce shi dama bai kama sunan kowa ba, mata ne suka tsargu. Ya yarda a ci gaba da magani, amma ya ce gobe zai koma da kansa ya tambayi majo wa yake nufi. Biko kuma an sa jibi. Jikar Inna, ya ce in tambaye ki, tunkiyar nan a ƙarshe ta wa ce?

Jikar Inna: Ta kaka ce. Ya sayar da ita tun kafin ya tahi cin rani bai hwaɗa ma kowa ba.