Neman shawara: jawabina a kan ganyen turare da dabbar kowala

Ɗalibar aji uku:
Assalamu alaikum 'yan gida. An ba ni jawabin da zan gabatar gaban aji ranar Litinin, a kan yadda bishiyar turare ke kare kanta daga dabbobin Ostareliya masu goyo a jakar ciki, irin su kowala. Niyyata in gina shi duka a kan man nan na cikin ganyen, mai tashi a hanci idan an murza, in ce shi ne dafin da ke korar su. Amma in dafi ne, ya aka yi kowala kusan ba ta da wani abinci sai shi? Malamin namu ba ya raga wa mutum wajen tambaya. Ku agaza mini.

Malamin kimiyya:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki ɗora jawabin a kan man, zai rushe a tambayar farko. Man nan, wanda sinadarin siniyol ya fi yawa a cikinsa a turare da dama, hantar dabbobin tana iya sarrafa shi. Abin da ke hana su ci da gaske wasu sinadarai ne da ake taƙaita sunansu da FPC, kuma aikinsu tayar da zuciya. Masu binciken Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya da ke Kanbera, ƙarƙashin William Foley, sun ba dabbar fosam, wata mai jakar ciki da ke cin ganyen turare, maganin hana amai, sai ta ƙara cin abincin da aka zuba wa sinadarin. Yawanci ganyen da ya fi mai shi ya fi FPC, don haka dabbar da ta sha wuya sau ɗaya, da ta ji ƙamshin ya yi ƙarfi sai ta ja baya. Man gargaɗi ne kawai.

Ga kuma abin da zai burge malaminki: bishiyoyi biyu iri ɗaya, kusa da juna, ɗaya an cinye ta, ɗayar ko taɓa ta ba a yi ba. A 2005 Ben Moore da Foley sun nuna cewa kowalolin Tsibirin Philip da ke jihar Biktoriya suna ƙaurace wa bishiyoyin da FPC ya yi wa yawa.

Likitan dabbobi:
Malam ya gama magana a ɓangaren bishiya, amma kada ki manta da dabbar. Da aka fitar da taswirar ƙwayoyin gadon kowala a 2018, an ga tana da ƙarin ƙwayoyin da ke sa hanta ta warware dafi. Tana da wani reshen hanji mai tsawon kusan mita 2, cike da ƙwayoyin cuta masu amfani. Akwai kuma tanin a ganyen, sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. A cikin dabba yana ɗaure furotin ya hana jiki morarsa. Ɗan kowala yana samun ƙwayoyin hanjin nan ne daga wani kashi mai laushi da yake lasa a jikin uwarsa idan ya kai wajen wata shida. Duk da haka ribar ganyen kaɗan ce, shi ya sa take kwashe wajen awa 18 zuwa 20 tana barci.

Ma'aikacin gandun daji:
Turaren da aka fi dasawa nan Arewa don tare iska, wato kamaldulensis, yana cikin waɗanda kowala ta fi so a can Ostareliya. Akwai kuma iri mai suna kiladokalis da ganyensa ke fitar da dafin sayanayid idan an tauna, har yakan kashe dabbobin kiwo.

Ɗalibar aji uku:
Allah ya saka da alheri. Minti goma kacal aka ba ni, me zan zubar?

Malamin kimiyya:
Ki bar sayanayid sai in an tambaya, tanin ki ba shi jimla biyu. Ki tsinko ganye daga bishiyoyi uku daban-daban, ki raba wa 'yan aji su murza su sansana, sannan ki kawo labarin maganin hana amai.