Musayar Waƙa: Kuɗin Jama'a da Katako Mai Taya

Baba Mai Lissafi:
Jama'a ku matso, ina da tambaya,
Wai baitulmali zai gina filin zamiya?
Ga asibiti ba magani, ga aji na yoyo,
A zuba siminti don skateboard, katakon hawa na wasa mai taya?
Wanda ɗansa ke so ya kwance lalitarsa,
Haraji gumin talaka ne, ba tsintacciyar dukiya.

Uwar Biyu:
Baba, da girmanka, bari in tanka,
Yaran ba su jira kowa ba, suna kan hanya.
Na ga wani ya sulalo daga gangare,
Direba ya take birki har da hayaƙin taya.
Katakon ya shige ƙarƙashi, ya rabe biyu,
Yaro ya miƙe, gwiwa jina-jina, yana dariya.
Ni kuwa hantar cikina ta kaɗa.
A gina ko a ƙi, hawa za su yi, ina kariya?

Autan Zaure:
Baba ya raina abin, to ga Tokyo,
2021, Olamfik, idon duk duniya:
Momiji Nishiya, shekararta 13,
Ta ɗaga wa Japan lambar zinariya.
Rayssa Leal ta Burazil, sa'arta, azurfa,
Sky Brown tagulla ta kai wa Birtaniya.
A Faris, 2024, ga Arisa Trew,
'Yar 14, zinare sai Ostireliya.

Baba Mai Lissafi:
Auta, lambar yabo ba ta cikin lissafina,
A yara dubu, mai kai can da ƙyar ɗaya.
Ɗan kwangila nake tsoro, ɗana:
A yi bikin buɗewa, a ɗau hoto, a juya baya.
Damina biyu, daɓen ya tsattsage,
Ruwa ya kwanta a kwarin, ciyawa ta kewaya.

Magini:
Nan kam Baba ka taɓo sana'ata.
Filin katako ruɓewa yake, kusa ta fito ta tsaya.
Ƙarfe ga tsatsa, ga ƙara ta hana barci,
Kankare mai sulɓi shi ke jure wuya.
A ba shi gangara, ruwa ya samu mafita,
A sa fitila, a raba hular kwano don lafiya.
Kafin a zana, a kira masu hawan,
Su suka san kwanar da ke jawo karaya.
Gidauniyar da gwanin hawan, Tony Hawk, ya kafa a 2002 don gina irin filin,
Tana tallafa wa unguwannin Amurka marasa dukiya,
Amma sai mutanen wurin sun tashi tsaye,
Ba ta ɗauke wa hukuma nauyin gaba ɗaya.

Baba Mai Lissafi:
To Malam Magini, kawo kasafin in duba,
In ga layin gyara, ba na gini shi kaɗai ɗaya.
An ce tsakuwa guda kan kifar da yaro,
Wa za a biya albashi ya riƙe tsintsiya?