Luwiza: wa ya taɓa shan ta don kumburin ciki ko rashin barci?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Surukata ta dawo daga ziyarar Shehu Tijjani a Fas, cikin tsarabarta har da ƙullin wani busasshen ganye da suke kira luwiza. Siriri ne dogo, da ka murza shi sai ƙamshin lemun tsami ya tashi. Ni kuwa kumburin ciki ya addabe ni, barcin ma rabi da rabi. Don Allah wanda ya taɓa sha ya faɗa mini abin da ya gani a jikinsa.

Ɗalibin Rabat: Wa alaikumus salam Anti. A Maroko na yi karatu, can kusan duk gidan shayin da ka shiga akwai ta, wasu ma da madara mai zafi suke so. Shayin na'a-na'arsu da koren ganyen shayi ake haɗa shi, idan na sha da dare sai idona ya bushe. Luwiza kuwa ba ta da sinadarin da ke hana barci, don haka na koma kanta lokacin jarrabawa. Ba ta kwantar da mutum kamar ƙwaya, jiki ne kawai yake saki a hankali. Amma kada ki tafasa ta a tukunya, ƙamshin zai bi tururi ya gudu. Ki zuba cokali ɗaya a kofi, ki kwarara tafasasshen ruwa, ki rufe da faranti minti 5 zuwa 10.

Hajiyar Damagaram: 'Yata, a nan Nijar muna samun ta a kantuna cikin kwali, an rubuta Verveine. Ni duk ranar da na ci wake, cikina ya cika fam, ita nake sha. Kafin in gama sallar isha'i na yi gyatsa, iska ta fita. Amma ƙanwata mai gyambon ciki ta gwada, ba ta ga komai ba sai da ta koma kan maganin asibiti.

Baban Sadiƙ: Ni dai gaskiya ba ta sa ni barci ba. Daɗin sha kam akwai. Da abin ya ƙi ƙarewa na je aka auna ni, ashe jinina ne ya hau.

Mai Lambu a Jos: Ina da bishiyarta a bayan gida, reshe aka ba ni na dasa ya kama. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, wajen Ajantina da Peru, Sifaniyawa ne suka kai ta Turai. Ku lura a kasuwa, don wasu na miƙa wa mutum ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake sa wa a shayi su ce ita ce. Luwiza itace ne mai rassa, ganyenta uku-uku yake fitowa kewaye da kara, yana da ɗan kaushi. Ɗanyenta ya fi busasshe ƙamshi nesa ba kusa ba. Sai dai idan na daɗe ina yanke ta da rana, bayan hannuna kan yi ƙaiƙayi.

Nas Mai Aikin Dare: Ni ma ina sha bayan na tashi daga aiki, kuma ina jin daɗinta. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta sa ta cikin ganyayen da aka daɗe ana amfani da su don ƙaramar damuwa, taimakon barci da kumburin ciki, wato dogaro da daɗewar amfani ne. Abin da ya fi damuna jarirai ne. Na san a Maroko ana ɗura wa jinjiri ita idan cikinsa na murɗa, amma Yaya, yaron da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ake ba shi, ko ruwa ba a ƙara masa. Mai ciki, mai ciwon ƙoda da mai shan maganin barci su fara tambayar likita. Kumburin da ya zo da rama, amai ko baƙin bayan gida kuma na asibiti ne.

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri. Na bi yadda ƙanina na Rabat ya ce, cikin ya sauka sosai, barcin ne dai har yanzu da saura. Malama Nas, ina shayar da ɗan wata 9, in ci gaba da sha ko in dakata har in ga likita?