Musayar waƙa: "Rewrite" da gurbinta a kundin Sol-fa

Mai-Jita:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Amsa-amon yau "wa" ne, kowa ya riƙe.

Asian Kung-Fu Generation, mawaƙan Japan, samarin Yokohama,
A jami'a suka haɗu, 1996 ce farawa.
Kundinsu Sol-fa ya fito a Oktoban 2004,
Waƙa 12 a ciki, babu ta zubarwa.
"Rewrite" ce mai zafi, ita duniya ta sani,
To don me ba ita aka ba buɗewa?

Ɗan Ganga:
Yaya Mai-Jita, ai amsar a fili take,
Doki ba ya sukuwa sai da ɗumamawa.
"Shindokaku" ce ta ɗaya, 'yar gajeriya,
Ba ta kai minti uku ba take ƙarewa.
Aikinta ta ɗaga bugun mai sauraro,
Kafin ya numfasa ta biyu na faɗowa.
In ka bar waya ta cakuɗa jerin,
Wannan haɗin ne farkon lalacewa.

Gimbiyar Amshi:
Malam Ɗan Ganga, bari in ɗora maka.

A watan Agusta "Rewrite" ta fito ita kaɗai,
Wata biyu kafin kundin ya yi fitowa.
Fullmetal Alchemist, shirin anime (katun na Japan), ya ɗauke ta,
Ta huɗu ce cikin waƙoƙin buɗewa.
Amma ta talabijin minti ɗaya da rabi ce,
An yanke tsakiya don lokaci ba ya isarwa.
Wanda a anime kaɗai ya san ta,
Rabi ya ji, rabin yana ɓoyewa.

Baban Bes:
Ƙanwata kin taɓo inda nake jira,
Tsakiyar nan ce wurin faɗuwa.
Jita biyu su ja baya, fili ya buɗe,
Bes ɗin Yamada, jita mai kaurin amo, ke riƙe da tafiyarwa.
Muryar Gotoh mai rerawa da amsa-kuwwa a kanta,
Kalma ta fita, inuwarta na dawowa.
Masu koyo nan suke ɓata ta:
Mai ganga ya ƙagu, hannu na rawa,
Ya koma amshi da sauri fiye da na farko,
Mai bes na binsa, mai jita na tserewa.
Maganinsa ƙirga huɗu-huɗu da ƙafa,
A sa na'urar ƙirgen bugu yayin gwadawa.
A rage amsa-kuwwa kafin amshi ya dawo,
In an bar ta, kalmomi ke cakuɗewa.

Gimbiyar Amshi:
Mai rerawa ma da nasa, Baba:
Baiti a ƙasa yake, amshi ne hawa.
Ka ƙona maƙogwaro tun baitin farko,
Ihun ƙarshe ya zo kana dushewa.
Daga ciki ake turo iskar,
Wuya a sake, ban da matsewa.

Mai-Jita:
Na karɓa. Ga lissafin da na duba:

Huɗu ne suka fito su kaɗai kafin kundi,
Dubi inda aka yi musu ajiyewa.
"Rewrite" ta 2, "Kimi no Machi Made" ta 3,
Ita ke sanyaya kunne bayan ƙonewa.
"Siren" ta 7 ta tokare tsakiya,
"Loop & Loop" ta 12 ce rufewa.
Da an tara su huɗun nan a gaba,
Bayan kundin da ya zama na tsallakewa.

Ɗan Ganga:
Ni fa Yaya, ina da ja kaɗan:
Ta 8, "Re:Re:", ta fi "Rewrite" ginuwa.
A 2016 da suka sake naɗar kundin,
Sun tsawaita shigarta kafin rerawa.
Jerin bai canza ba, "Rewrite" na ta biyu,
Sai dai murya ta nuna, ta samu natsuwa.

Baban Bes:
Natsuwar ce ƙorafina, ɗan'uwa,
Ta 2004 ta fi kaifi wajen tsagawa.
A saurari biyun a jere da abin kunne,
Gobe kowa ya kawo baitin karewa.