Ɗana mai otizim yana fama da fargaba, dangi sun ce iska ce

Maman Sadiq: Assalamu alaikum, don Allah shawara nake nema. Ɗana shekararsa 15, tun yana ɗan shekara 5 likita ya ce yana da otizim, wanda wasu ke ce wa galahanga. Daga bara abin ya sake salo, in dai ya ji gobe akwai biki to wallahi ba zai runtsa ba, sai safa da marwa a tsakar gida yana tambayata "Mama su wa za su zo, akwai DJ?" ya fi sau ashirin, da asuba kuma ciwon ciki. Ranar sunan ƙanwata da aka tada janareta ya toshe kunnuwa ya shige bayan ƙyaure jikinsa na ɓari, mata suka yi masa caa, wannan ta ce a yi masa hayaƙi waccan ta ce ni na sangarta shi. Ya zan yi?

Abu Hanif: Wa'alaikumus salam. Hajiya a dage da ruƙiyya dai, Allah ya ba shi lafiya.

Anti Nurse: Addu'a kam kullum, amma ba ta hana zuwa asibiti. Maman Sadiq wannan tsoro ne na gaske yake ji, bincike ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na yara masu otizim suna da ciwon fargaba, ƙarar da ke da ni ba mu damu da ita ba shi har cikin kansa yake jin ta. Ki koma wurin likitan ƙwaƙwalwa, in kina Kano akwai sashen a asibitin Malam Aminu Kano, Kaduna kuma akwai na Barnawa. Ki riƙa rubuta ranar da abin ya tashi da abin da ya faru kafin nan ki tafi da shi.

Yaya Babba: Ƙanina haka yake. Abin da ya taimake mu, tun kwana biyu kafin taro muke faɗa masa inda za a je, mu nuna masa hoton gidan a waya, mu ce minti talatin za mu yi mu dawo, kuma wallahi sai mun cika alkawari don ranar da muka saɓa sati guda bai yarda da mu ba. Na saya masa abin toshe kunne, kuma duk gidan da muka je sai na fara roƙon ɗaki ɗaya da ba kowa. Dangi kuwa sai da Baba ya tara su ya ce duk wanda ya ƙara kiran yaron mahaukaci kar ya sake tako masa gida.

Maman Sadiq: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ranar Asabar akwai walima gidan kawunsa, yau da daddare zan fara nuna masa hoton gidan.