Ƙudan zuma sun gagare ni a hoto, a taimaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar hoto. Ina wani ƙauye ne kusa da Gumel. Riɗinmu ya yi fure, da hantsi ƙudan zuma cika gonar suke yi, don Kawu yana da amya uku a kan ɗorawar bakin gona. Hoto ɗaya tak nake nema: zuma tana shawagi a bakin farin furen nan kafin ta kutsa ciki, ga ƙullin garin fure a ƙafafunta na baya. Yau kwana tara ke nan ina fama.

Kamarar Canon ce ta hannu. Da na sa saurin shota (tsawon lokacin da idon kamara ke buɗewa haske ya shiga) a 1/1000 na daƙiƙa, jikin ya ɗan fito, amma fukafukan kamar hayaƙi. Tunda fiffiken zuma yana kaɗawa kusan sau 230 a daƙiƙa ɗaya, sai na ɗaga zuwa 1/4000, iyakar kamarar ke nan. Hoton ya yi duhu. Na ƙara ISO (ƙarfin jin haske na kamara) zuwa 3200, ya fito kamar an watsa masa yashi.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne fokas, wato saita kamara don abin da ake ɗauka ya fito tar. Kafin kamara ta kama, zumar ta bar wurin, ganye ya fito tar, ita kuwa ba labari. Shin in saita fokas da hannu a kan fure ɗaya in tsugunna ina jira? Filasha fa, za ta tsayar da fiffiken? In na kunna ta, shota ba ta wuce 1/200.

Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya ba ni haske, furen ya fara zuba.