An ce garkuwar allurar korona ta ragu a jinin Baffa, sai a sake daga farko?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Baffana shekararsa 68, yana da ciwon suga. An yi masa allurar Sinopharm sau biyu a 2021, daga nan bai ƙara ba. Yanzu an auna jininsa, an ce antibodi, wato sinadaran garkuwa da jiki ke ƙerawa don yaƙar cutar, sun yi ƙasa sosai. Allurar ta tashi a banza ke nan?

Malam na Marwa:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baffa lafiya. Ba ta tashi a banza ba, haka jiki yake yi. Antibodi kan kai ƙololuwa mako 2 zuwa 4 bayan allura ta biyu. Nau'insu da ake kira IgG, mai yawo a jini, rabinsa kan ƙare cikin kwana 21 in ba a ƙera sabo ba, kuma yawancin ƙwayoyin jiki da ke zuba shi a makonnin farko ba sa daɗewa. Shi ya sa faɗuwar ta fi tsanani a watanni 3 na farko, sannan ta lafa, don wasu ƙwayoyin sun tare a ɓargo suna fitar da shi kaɗan-kaɗan. A 2021 asibitin Sheba na Isra'ila ya bibiyi ma'aikatansa da aka yi wa allurar Pfizer har wata 6, ya ga raguwar ta fi yawa ga maza, da masu shekara 65 zuwa sama, da masu raunin garkuwa.

Amma akwai abin da wannan awon ba ya gani: ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira B da T, masu riƙe kamannin cutar. Kamar maƙeri ne da ya ajiye guduma amma bai manta ƙira ba. Cutar na shigowa, cikin 'yan kwanaki an koma aiki. Saboda haka kariya daga kamuwa ke saurin zubewa, ita kuwa kariya daga ciwo mai kai mutum gadon asibiti ta fi jimawa.

Hajiya ta Ngaundere:
Ɗana, duba takardar sakamakon tukuna. S aka rubuta ko N? S na nufin ƙayar da ke jikin ƙwayar cutar, N kuma furotin na cikinta. AstraZeneca da Johnson & Johnson da Pfizer S kawai suke koya wa jiki, don haka awon N ba zai nuna aikinsu ba ko jiya aka yi su. Sinopharm matacciyar ƙwaya ce sukutum, tana iya nuna duka biyun. Sannan kowane kamfani da ma'auninsa. In ba a mayar da su ma'aunin bai ɗaya da ake kira BAU/mL ba, kada ka gwada lambar wani ɗakin gwaji da ta wani. Kuma ba a tsayar da wata lamba da za a ce daga nan mutum ya tsira ba, balle tun da nau'in korona na Omicron ya bayyana a Nuwamban 2021 ya sauya siffar ƙayar. A ganina kuɗin awon nan gara a sa su a maganin sugan.

Ɗan Garwa:
Na gode Hajiya, S ne a rubuce. To yanzu me za mu yi?

Nas daga Kuseri:
Ba a sakewa daga farko, ɗan'uwa, allura ɗaya ta ƙari ta isa. Shekarunsa da sugansa ne hujja, ba lambar ba: shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ita ce tsofaffi masu irin wannan ciwo su ƙara bayan wata 6 zuwa 12 da ta ƙarshe. Ba dole sai Sinopharm ba, ana iya yi masa wani nau'in. Ku je cibiyar lafiya da katinsa na rigakafi, ku tambaya ko akwai a ƙasa, ku duba ranar ƙarewar wa'adi a kwalbar. Ana ajiye ta ne a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma kun san zafinmu da ɗaukewar wuta, don haka ban da ta hannun masu yawo da magani. In yana zazzaɓi a ranar, a bari ya warware. Ciwon dantse da kasala na kwana 1 ko 2 ba komai ba ne, amma ku riƙa auna sugansa a kwanakin, don zazzaɓi kan ɗaga shi.